Uwar Ajin Ƙasa

A cibiyar ilimin manya da nake zuwa, aji biyu ne suka dame ni: na ƙasa, inda nake, da na bene, inda nake so in je. A ajin ƙasa baƙaƙe ake koyo da yadda ake haɗa su. A bene kuwa lissafi ake yi mai dogon wutsiya, ana buɗe taswirar duniya, har akwai wani mutum-mutumin roba da ake zare masa huhu da hanta a mayar. Ban taɓa zama a can ba. Abin da na sani game da ajin, ta silin nake jiyo shi, don malaminsu murya gare shi kamar mai kiran fasinja a tasha. Ta haka na san cewa jini zagaye yake yi a jiki, amma ban san ta inda yake bi ba, saboda a daidai wurin aka kunna fanka.

Na shekara wajen shida a ajin ƙasa, kuma ba don kaina ba ya ja ba. Tun shekarar farko na iya karatu. Aikina wanki da guga ne a wani otal, kuma duk jaridar da baƙo ya bari a ɗaki sai ta bi ta hannuna kafin ta isa kwandon shara. Ina karanta 'yar takardar wuyan riga, ina karanta bayan kwalin sabulu, gargaɗin da aka manna a jikin injin wanki kuwa na haddace shi tsaf. Laifina ɗaya ne, ba na tsoron taro. Da na san abin da wannan hali zai jawo mini, da tun ranar farko na yi ta karkarwa kamar kowa.

Cibiyarmu ba ta rabo da taro. Ƙarshen zango taro, ranar buɗe ƙofa ga jama'a taro, an yi wa bango fenti taro. A kowane taro ana gayyato baƙin da ke tallafa wa wurin, kuma akwai abin da Shugaban cibiyar yake kira muryar ɗaliba: a fito da mace ɗaya daga ajin ƙasa ta karanta 'yan layuka a gaban mutane. Karon farko ni aka fitar, kuma tsakani da Allah na yi ta tuntuɓe, don lokacin sabuwa ce ni fil. Wata baƙuwa ta yi kuka har kwallinta ya zubo. Daga ranar Shugaba ya gane ya yi tsintuwa. Sabuwar ɗaliba ta gaske, in aka miƙa mata makirufo, bakinta mutuwa yake yi. Wadda ta iya karatu sumul kuma ba ta sa kowa hawaye. Abin da ake bukata shi ne mace mai furfura wadda ta iya karatu, ta kuma iya yin kamar ba ta iya ba. Baƙin canzawa suke yi kowace shekara, don haka ba wanda ya taɓa lura cewa tsohuwar nan ta daɗe tana gano harafin farko.

Har suna aka raɗa mini, Uwar Ajin Ƙasa. Wai girmamawa ce.

Ana saura mako guda taron ƙarshen zango, Shugaba ya kira ni ofis don gwaji, kamar yadda aka saba. Mutum ne mai fara'a da ƙaramin tumbi, sa'ar babban ɗana, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi da shi, don da mugu ne da na san yadda zan yi. Ya miƙo mini shafin da ya rubuta, na karanta masa.

"Inna, kin yi gudu," ya ce. Ya ɗauki fensir ya ja layi a ƙarƙashin wata kalma. "Nan, a kan 'jajircewa', ki tsaya. Ki ce ja, ja, sai ki ɗago kai ki dube su, ki ja numfashi, ki koma. Yatsan nan kuma kada ya bar kan layi."

"Shugaba, kalmar nan ko daga barci aka tashe ni zan rubuta maka ita."

"Na sani, Inna. Ai shi ya sa ke ce."

Na ajiye takardar a kan teburinsa. "Maganar bene fa?"

"Bayan wannan taron, in Allah ya yarda."

"Bara ma haka ka ce. Bara waccan ma haka. Romon bakan nan ya ishe ni, ɗan nan."

Ya yi dariya, ya dafa ƙirji. "Bana da gaske ne. Wata ta bar ajin, kujerarta tana nan. Kafin a watse zan faɗa da bakina a gaban mutane, yadda ba zan iya janyewa ba."

Sai na gaya masa abin da ke cina. Autata za ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, sai a shekara ba ta leƙo gida ba, in ta zo kuma kwana ɗaya ne, rabinsa barci. Ta san ina zuwa makarantar manya, amma ba ta taɓa jin na karanta komai ba, don ni na ɓoye. So nake ranar da za ta ji, ta ji da kyau, a tsaye, a gaban jama'a. Yarinyar nan tun tana firamare take karanta mini takardar asibiti da ta makaranta, tana bin layi da ɗan yatsanta tana yi mini bayani kamar ita ce uwar. Na daɗe ina jiran in sauke mata wannan kaya.

"Don haka bana zan karanta yadda na iya," na ce.

Shugaba ya juya fensir a hannu. "To, ba zan tilasta miki ba. Sai in sa Mai Shara."

Mai Shara ita ce abokiyar zamana a benci. Kasuwa take sharewa da asuba, ta zo aji da yamma idanunta jawur. Wannan zangon ta fara, kuma har yanzu fensir take riƙewa da dukan hannu kamar za ta soka wa takardar. In Malama ta kira ta allo, gumi yake jiƙa mata mayafi. Amma tana so. Ranar da ta fara rubuta sunanta, sai da ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane. Da na koma aji na ba ta labari, ta kama hannuna da nata biyu.

"Yaya, wallahi in aka kira ni gaban mutane ba za ki sake ganina a nan ba. Ko ta bakin titin nan ba zan ƙara bi ba."

Na san ba wasa take yi ba. Bayan an tashi na tare Malama tana goge allo. Yarinya ce mai hankali, ita take aro mini littattafan bene a ɓoye cikin leda, amma duk ranar gwaji ba ta iya haɗa ido da ni.

"Inna, ni ma ba na son abin nan," ta ce, tana goge wurin da ta riga ta goge. "Amma in baƙin nan suka juya baya, ajin ƙasa ne zai fara rufewa. Na bene suna da jarrabawa, suna da takardar shaida da za a nuna. Mu me za mu nuna? Ke ce kawai."

Na yi tsaki na fita. Ba ita na yi wa ba, amma ita ta ji.

A 'yan kwanakin nan guga ta sha wahala a hannuna. Sau biyu na kira Auta da nufin in gaya mata tun kafin ta zo, sau biyu na ƙare da tambayar ko tana cin abinci. Ta yaya uwa za ta ce wa 'yarta, abin da za ki gani ranar nan ƙarya ce, kuma na daɗe ina yin ta? A kan wata farar riga ta wani baƙo dabara ta zo mini. Zan ce wa Shugaba na yarda. In na riga na hau, makirufo yana hannuna, wa zai sauko da ni? Mai Shara ta tsira, ni kuma in karanta shafin nan tiryan-tiryan, ya yi abin da zai yi. Na ji daɗin wannan shawara har na kusa ƙona wuyan rigar.

Ranar taro na sa sabon zanena, na goge shi har yana ɗaukar ido. Shugaba ya gan ni a bakin zaure, fara'arsa ta ragu kaɗan.

"Inna, ina wancan na bara, mai ɗan duhu? Ya fi yi miki kyau a hoto. Tabarau ɗin ma da kin cire, yana sa ki kama da malamar makaranta."

"Da shi nake gani," na ce, na sha mur. Ya bar maganar.

Zauren ya cika. An jera kujerun roba, an rataya ƙyalle mai rubutu a bango, 'yan ajin ɗinki sun baje rigunan yara a tebur guda, 'yan ajin kwamfuta sun kunna nasu ana ta leƙe. Baƙi suna layin gaba da ruwan roba a gabansu, a tsakiyarsu wata babbar mace mai zoben azurfa, wadda aka ce maganarta ce ke tafiya. Matan ajinmu an jera su a jikin bango, Malama a ƙarshensu. An riga an fara jawabi Auta ta shigo, kai tsaye daga tasha, jakar tafiya a kafaɗa. Ta samu kujera a tsakiya, ta ɗora jakar a cinya, ta ɗaga mini hannu. Ta rame. Gabana ya faɗi, ba don taron ba, don ita.

Aka yi jawabi, aka yi jawabi a kan jawabin, sannan Shugaba ya ce a saurari muryar ɗaliba. Na hau. Na gyara tabarau, na riƙe takardar da hannu biyu yadda masu karanta labarai suke yi, na fara.

Layin farko ya fita sumul, na biyu ma haka. Na ji muryata a lasifika, ta yi mini daɗi, ban taɓa jin ta haka ba. Amma ina ganin zauren ta saman tabarau. Mai hoto, wanda ya durƙusa a gabana, ya sauke kyamararsa ya tsaya jira. Mai zoben azurfa ta sunkuya tana raɗa da na kusa da ita. Wani ya ja kujera, wani ya ciro waya. Ba wanda ya yi mini rashin kunya, kawai sun ga tsohuwa tana karatu, kuma wannan ba abin kallo ba ne. Na dubi bango. Malama ta sunkuyar da kai. Mai Shara tana kallona baki buɗe, ba ta san me ke faruwa ba, murna kawai take yi. Na dubi sauran, mata goma sha, kowace da jakar ledarta da fensirinta, na tuna abin da Malama ta ce game da rufe aji.

Har yau ban san ko tausayi ne, ko tsoro, ko kuma sabo kawai ba. Na ga yatsana ya sauka kan layi ba tare da na aike shi ba. Kafin in ankara ga kalmar nan mai layin fensir a gabana.

"Ja," na ce. "Ja..."

Zauren ya yi tsit. Na ɗago kai, na ja numfashi, na koma, daidai yadda aka koya mini. Kyamara ta fara ƙyasƙyas. Daga nan ban sake iya tsayar da abin ba, na yi tuntuɓe a duk inda aka shirya, har na ƙara ɗaya na kaina. Ina yi ina jin haushin yadda na ƙware. Da na kai ƙarshe aka miƙe ana tafi, mai zoben azurfa tana share ido. Auta kuwa ta kifa fuska a kan jakarta, kafaɗunta suna rawa.

Ina saukowa ta rungume ni. "Inna! Inna, kin yi ƙoƙari. Wallahi ban san haka kike shan wahala ba."

"Auta, tsaya ki ji," na ce, amma sai ga Shugaba ya iso da babbar baƙuwar, fuskarsa kamar an ba shi kyautar mota.

"Ranki ya daɗe, ga Uwar Ajin Ƙasa, ga kuma 'yarta, ma'aikaciyar jinya ce." Ya dube ni, ya ɗaga murya yadda na kusa za su ji. "Kuma ina farin cikin sanar da cewa zango mai zuwa Inna za ta hau ajin bene."

Ya faɗa. Bayan duk shekarun nan, bawan Allah ya cika alkawari, da bakinsa, a gaban mutane. Daɗi ya kama ni.

"Yallaɓai, don Allah ina da roƙo," in ji Auta. Ta ɗan rusuna, hannunta a kafaɗata. "Kada a yi mata gaggawa. Na ga yadda ta yi fama da shafi ɗaya. In aka kai ta sama aka yi mata nisa, zuciyarta za ta karye, kuma na san halin Innata, ko tana mutuwa ba za ta faɗa ba. A wurin aikinmu mun sha gani, mutum ya matsa a sallame shi bai warke ba, ya dawo ya fi da. A bar ta inda take har ta zauna da gindinta. Ni dai alfarmar da nake nema ke nan."

"Kin ji 'ya ta gari," in ji mai zoben azurfa. Ta kama hannuna tana jijjigawa. "Mama, ki saurari 'yarki, babu mai korar ki. Baɗi zan dawo da kaina, kuma ina so in zo da wasu. Ina so su ji ki kamar yadda na ji ki yau."

Shugaba ya dube ni. Ban ga mugunta a idonsa ba, sai ma ɗan kunya. Ya buɗe tafin hannuwansa, alamar ni ke da magana. Kuma gaskiya ne, ni ke da ita. Jumla ɗaya ta isa. Sai dai jumlar za ta faɗi a gaban matar da ajinmu yake rataye a hannunta, ta mayar da Shugaba maƙaryaci, Malama abokiyar ƙarya, ni kuma 'yar wasan kwaikwayo. Za ta kuma gaya wa yarinyar da ta yini a mota, wadda hawayenta bai bushe ba, cewa uwarta ce ta sa ta kuka da gangan. Na nemi hanyar fita ta kowane gefe, ban samu ba.

"To," na ce.

Auta ba ta kwana ba, tana da aiki washegari. Na raka ta tasha. Tana riƙe da hannuna duk hanya, in za mu tsallaka titi ta ja ni baya kamar ƙaramar yarinya. Tana ta zuba, wai za ta aiko mini da littattafan yara masu manyan baƙaƙe da hotuna, wai za ta riƙa kirana ranar hutunta mu yi bita. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarta har na manta. Na so in gaya mata gaskiya. Na ce a raina bari ta zauna a mota tukuna, da ta zauna na ce bari motar ta kusa cika.

"Af, na kusa mantawa," ta ce. Ta zuge jaka ta ciro kwalin magani ta miƙo mini ta taga. "Na hawan jininki ne, sabo, ya fi wancan. Riƙe, bari in nemo biro."

Kafin ta gama lalube na riga na karanta kwalin gaba da baya: ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare, bayan cin abinci, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Ta karɓe shi, ta ɗora a gwiwa, ta zana rana mai tsinkaye a gefe guda, ta zana jinjirin wata a ɗaya gefen, ta sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin kowanne. Ta yi zanen a hankali, harshenta a tsakanin haƙora, a kan rubutun da ke jiki.

"Kin gani? Rana, ɗaya. Wata, ɗaya. Ba sai kin wahalar da kanki ba, ba kuma sai kin roƙi kowa ba. Kin gane, Inna?"

Direba ya tayar da mota. Baƙin ciki ya kama ni, ga kuma son yarinyar nan, na rasa wanda ya fi ciwo. Na karɓi kwalin da hannu biyu.

"Na gane," na ce. "Allah ya yi miki albarka."